Jini a ƙwaƙwalwar bakwaini da maganar ɗibar ruwan baya: tambayoyin da iyaye ke yi mana a Kumasi

Maganganu biyu ne ke girgiza iyaye a ɗakin jarirai fiye da komai: "akwai jini a ƙwaƙwalwa" da "za mu ɗebi ruwan baya". Da an faɗi ɗaya, sai uwa ta ɗora hannu a ka, uba ya fita ya bugo wa 'yan'uwa a Aboabo ko Asawase, kafin la'asar maganar ta rikiɗe ta zama wata aba dabam. Likita kan yi bayani a tsaye, da Turanci ko da Twi, ga wasu jarirai na jiransa. Ni da nake aiki a irin wannan ɗaki, kuma na tashi a Zango, na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su da Hausa yadda zan amsa wa ƙanwata.

Me ya sa jini ke zuba a kan bakwaini, alhali bai faɗi ba, ba a kuma buge shi ba?

Cikakken ciki mako 40 ne. Duk wanda aka haifa kafin mako 37, likita na kiransa bakwaini, ko da ba a wata bakwai ya zo ba. Amma wannan larura ta fi samun waɗanda suka zo kafin mako 32, ko waɗanda nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ramuka huɗu da ke cike da ruwa garau. A gefen manyan biyun akwai wani wuri da nake kira gonar ƙwaƙwalwa, domin nan ne ake shuka ƙwayoyin da za su bazu su gina ta. Wurin cike yake da jijiyoyin jini sirara, masu bango kamar fatar albasa. In ciki ya kai wajen mako 34 zuwa 36, gonar ta gama aikinta, ta shuɗe. Wanda ya fito da wuri kuwa, da ita ya fito, kuma jikinsa bai iya daidaita gudun jini zuwa kai ba tukuna. Numfashi ya yi wuya, jini ya hau ya sauka, sanyi ya kama shi, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, sai jijiyar ta fashe. Jinin ya tsaya a nan, ko ya gangara cikin ramukan.

Yaushe yake faruwa?

Da wuri ƙwarai. Kusan rabi a ranar farko, mafi yawa kuma cikin kwana uku na farko. Shi ya sa a waɗannan kwanaki za ki ga muna hana yawan ɗaga jariri da jujjuya shi, muna rage haske da hayaniya.

Anti nas, ta yaya zan gane da idona?

Sau da yawa ba za ki gane ba, mu ma ba za mu gane ba. Ƙaramar zubar jini kan zo ta wuce shiru. Babba ce ke nuna kanta: jariri ya yi fari fat, jikinsa ya saki, numfashi ya riƙa ɗaukewa, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko ya riƙa jijjiga. Jijjigar bakwaini ma ba kamar ta babban yaro ba ce. Wani lokaci ido ne kawai ke kafewa gefe guda, ko baki ya riƙa motsi kamar yana tsotso, ko ƙafa ta riƙa tuƙi kamar mai keke. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki kira mu, kada ki ji nauyi. Uwa ta fi kowa daɗewa tana kallon ɗanta.

To da me ake ganowa?

Da sikanin, irin dai wanda aka yi miki kina da ciki. Maɗiga taga ce da Allah Ya bari a buɗe, ƙashi bai rufe ta ba. Ana shafa mai a kanta, a ɗora kan na'urar, a leƙa ramukan ƙwaƙwalwa kai tsaye. Babu allura, babu zafi, babu hasken da ke cutarwa, kuma ana iya yi jariri na kwance cikin kwalba. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara wannan hanya, har yau kuma ita ce ta farko a duk duniya. Ƙananan bakwaini akan yi musu cikin mako na farko ko kwana goma, a sake bayan 'yan makonni, a kuma sake dab da lokacin da ya kamata a haife su. Babbar na'urar ɗaukar hoto ta MRI na nuna lahanin naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, sai dai dole a ɗauki jariri a kai shi wurin na'urar, don haka akan bar shi sai ya yi ƙwari.

An ce mana "mataki na biyu". Me ke nan?

A 1978 wata likitar jarirai a Amurka, Lu-Ann Papile, ta kasa larurar gida huɗu, kuma da kasonta ake aiki har yanzu. Na ɗaya, jinin ya tsaya a gonar da na ambata. Na biyu, ya shiga ramuka amma bai buɗa su ba. Na uku, ya cika su har sun kumbura. Na huɗu kuwa, naman ƙwaƙwalwa da ke gefen ramin ne ya taɓu, saboda jijiyoyin da ke kwashe jini daga wurin sun toshe.

Na ɗaya da na biyu su ne suka fi yawa, kuma jiki ne ke shanye jinin da kansa cikin makonni. Babu maganin da ake bayarwa don ya narkar da shi. Na uku da na huɗu ne ke sa mu sa ido sosai.

In sikanin ne ke nunawa, me ya kawo maganar ruwan baya?

A nan mutane suka fi ruɗewa, don haka bari in tsaya sosai.

Ruwan da ke cikin ramukan ƙwaƙwalwa ba a tsaye yake ba. Ana ƙera shi a ciki, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa, ya gangara ya kewaye laka har ƙugu, sannan jiki ya shanye shi, ana kuma ƙera sabo dare da rana. Kamar rafi ne: abin da aka zuba a sama, wanda ke ƙasa zai gani. Saboda haka in jini ya zuba a ramuka, ruwan da aka ɗebo da allura a ƙugu, wato ruwan baya, zai ba da labari. Za a ga jajayen ƙwayoyin jini da yawa. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya koma ruwan ɗorawa, saboda jinin ya fara rugujewa. Furotin ya hau, sukari kuma ya kan sauka ya daɗe a ƙasa har makonni. Kafin zuwan sikanin, da irin waɗannan alamu likitoci ke hasashen zubar jini.

Amma hanyar na da ramuka. Bayan bakwaini ɗan mitsitsi ne, allura kan taɓa ƙaramar jijiya a hanya, sai jini ya gauraya da ruwan alhali ƙwaƙwalwa lafiya lau take. Ruwan jariri sabon haihuwa ma, ko da ƙalau yake, ya fi na babba furotin, kuma shawara kan rina shi. Jinin da ya tsaya a mataki na ɗaya bai shiga ruwan ba, don haka ba zai nuna ba. Sannan ruwan ba zai gaya maka a wane ɓangare jinin yake ba, ko yawansa, ko ya taɓa nama. Sikanin na faɗar duk wannan cikin minti kaɗan.

Don haka yau ba a soka wa bakwaini allura a baya don kawai a san ko jini ya zuba. In likita ya nemi ruwan baya, dalili biyu ne galibi. Na farko, kuma shi ne mafi yawa, yana zargin sanƙarau, wato ƙwayar cuta ta shiga rigar ƙwaƙwalwa. Alamun sanƙarau da na zubar jini a jariri kamar tagwaye suke, sikanin ba ya ganin ƙwayar cuta, kuma amsar ruwan ce ke nuna irin maganin da za a ba shi da tsawon kwanakin, wanda kan kai mako biyu zuwa uku. Na biyu, ruwa ya taru a kai bayan zubar jini, ana son rage shi.

Na ji ana cewa akwai wasu sababbin alamu da ake aunawa a ruwan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma abu ne da ke ba ni fata. Sai dai tambayar da masu bincike ke bi ba "jini ya zuba?" ba ce, wannan an riga an sani. Tambayarsu ita ce: a cikin jariran da jini ya zuba musu, wane ne ruwa zai taru wa a kai, wane ne ƙwaƙwalwarsa ke shan wahala yanzu haka, kuma yaushe ya kamata a sa hannu?

Ga dalilin da ya sa tambayar ke da nauyi. Jini in ya kwana a ramuka yana rugujewa, ya saki sinadarin da ke ba shi ja, ya saki ƙarfen da ke cikinsa. Waɗannan guba ne ga naman ƙwaƙwalwa ɗanye. Suna ƙona shimfiɗar da ke bangon ramuka, su jawo kumburi, daga baya tabo ya toshe magudanan ruwa. Jarirai biyu na iya zama da hoto iri ɗaya a mako na farko, ɗaya ya warware, ɗaya kansa ya cika da ruwa. Likita na tsaka mai wuya: ya yi gaggawa, ya yi wa wanda bai buƙata aiki, ya yi jinkiri, ruwa ya danne ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ake aunawa iri-iri ne. Akwai ragowar jinin kansa, kamar himogulobin da bilirubin da feritin. Masu bincike a Lund ta ƙasar Suwidin sun daɗe suna bin ɓarnar himogulobin da ya fita daga ƙwayarsa. Akwai sinadaran kumburi da na tabo, musamman wanda ake kira TGF-beta, da aka tarar ya fi yawa a ruwan jariran da ruwa ya taru musu. Akwai kuma furotin da ke zubowa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa in sun ji rauni. Ayarin likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara David Limbrick, lokacin da yake Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, sun nuna cewa furotin uku masu suna APP da L1CAM da NCAM-1 na hauhawa a ruwan bakwainin da ruwa ya taru musu bayan zubar jini, kuma yawan APP na tafiya da girman ramukan. Wasu masu binciken na bin wasu furotin biyu, S100B da GFAP, waɗanda ake iya nema a jini ma, S100B har a fitsari. A ganina nan ne alherin yake ga irinmu, domin gwajin da ɗigon jini ko fitsari zai wadatar ya fi sauƙin isa ƙananan asibitoci.

Za a iya yi wa ɗana wannan gwajin a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ko a asibitin Korle Bu na Accra?

Waɗannan sababbin alamu suna matakin bincike. Ba su zama gwajin yau da kullum ba, ko a Amurka da Ingila. Jariran da aka gwada ba su da yawa, kuma ba a tsayar da adadin da za a ce "daga nan sai aiki" ba. Ɗanki bai rasa komai ba don ba a auna masa su ba. Abin da ake yanke hukunci da shi a ko'ina shi ne sikanin a kai a kai, awon kai da tef, da yanayin jariri. In wani ya ce ki biya kuɗi ya gwada miki "sinadarin ƙwaƙwalwa" a wani ɗakin gwaji na waje, ki tambayi likitan ɗanki tukuna.

Kakarsa ta ce ɗibar ruwan baya na gurgunta yaro, ta hana mu sa hannu.

Hajiya ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma na san inda maganar ta samo asali. An ga yaran da aka ɗebi ruwansu, daga baya suka kasa tafiya ko suka rasu. Amma a tuna wa ake ɗibar wa ruwa: yaron da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Sanƙarau ne ko jinin ne ya yi ɓarnar, allurar ta zo ne neman ta.

Laka ba ta kai ƙarshen baya ba, tana ƙarewa sama da inda ake sokawa. Allurar na shiga tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da ƙarshenta. Abin da ake ɗiba don gwaji bai cika ƙaramin cokali ba, jiki kuma na mayar da shi cikin sa'o'i. Ba zan ce babu haɗari sam ba: jariri na iya ɗauke numfashi na ɗan lokaci saboda lanƙwasa shi da ake yi, wurin na iya ɗan zub da jini, shigar ƙwayar cuta kuma na yiwuwa ko da yake da wuya. Shi ya sa in numfashinsa bai daidaita ba, ko jininsa ba ya daskarewa, likita kan ɗage, ya fara magani tukuna.

Na taɓa zama da wata kaka fiye da sa'a guda a kan benci, ina zana mata baya a takarda. Da ta ga inda laka ta tsaya da inda allura ke shiga, ita da kanta ta kira ɗanta ta ce ya sa hannu. Ku kawo mana manyan gida, mu yi musu bayani. Hakkinku ne ku tambayi likita: me kake nema, kuma me amsar za ta canja?

Kan yana girma. Me za a yi?

Bakwaini mai girma lafiya, kansa kan ƙaru da wajen santimita ɗaya a mako. In ya haura biyu, ko maɗiga ta cika, ko mahaɗan ƙashin kai suka buɗe, muna damuwa. Sai dai ramuka na fara kumbura tun kafin tef ya nuna, shi ya sa ake maimaita sikanin ko da kai bai canja ba a ido.

Wasu kumburin na tsayawa da kansa. In bai tsaya ba, akan rage ruwan ta baya sau 'yan kaɗan don a sayi lokaci, amma bincike ya nuna maimaita hakan ba ya hana buƙatar aiki daga baya. Magungunan rage ruwa ma an gwada su a wani babban gwaji da aka buga a 1998, ba su taimaka ba, har illa suka ƙara. Saura aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Ƙaramin jariri akan sa masa ɗan ma'aji a ƙarƙashin fatar kai, a riƙa zuƙe ruwa ta nan. In ya yi nauyi, a sa siririyar roba daga kai, ta bi ƙarƙashin fata zuwa ciki, inda jiki ke shanye ruwan. Akwai kuma aikin huda sabuwar hanya da madubi daga ciki ba tare da roba ba, wanda likita Benjamin Warf ya bunƙasa wa jarirai a Mbale ta Uganda. Likita ne zai duba wanda ya dace da ɗanki.

Laifina ne?

A'a. Ba daka ba ne, ba hawa trotro ba ne, ba bakin kishiya ba ne. Zuwa da wuri ne ya jawo, kuma sau da yawa ba a gano abin da ya tayar da naƙudar ba ma.

Ana iya karewa a ciki na gaba?

Ana iya rage haɗarin sosai, kuma yawancin aikin kafin haihuwa ne. Ki fara awo da wuri. Hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ƙarancin jini da cikin tagwaye duk suna jawo haihuwa kafin lokaci. In ruwa ya fashe ko naƙuda ta taso ciki bai cika ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, a kira 112 ko a nemi mota. Akwai allurar deksametazon da ake yi wa uwa tsakanin mako 24 da 34, sau huɗu, sa'a 12 tsakani, tana nunar da huhun jariri tana kuma rage zubar jini a kai. Tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki, don haka kowace sa'a da aka ɓata a gida asara ce. Akwai kuma allurar maganisiyam da ake yi wa uwa, tana rage wa jariri haɗarin taurin gaɓoɓi. Jinkirta yanke cibiya na aƙalla minti ɗaya shi ma yana taimaka wa bakwaini.

Kuma mafi alheri a haihu a inda ɗakin bakwaini yake. Ɗauko jaririn kilo ɗaya a tasi daga Tafo ko Sawaba, cikin cunkoso da ramukan hanya, a ranar da jijiyoyinsa suka fi rauni, ba daidai yake da kawo shi yana cikin uwarsa ba.

Ɗora shi a ƙirji ba zai ƙara masa ciwon ba?

In likita ya ba da izini, ki ɗora shi, mu za mu nuna miki yadda za ki tallafe kansa ya miƙe da jiki. Kumasi na da hannu a wannan ilimi. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye na cikin asibitoci biyar, tare da na Najeriya, Indiya, Malawi da Tanzaniya, da aka yi gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2021. Jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 da aka fara ɗora su fata da fata nan take, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Wannan ba maganin zubar jini ba ne, amma ɗumi da nonon uwa na taimakon jaririn da ke fama da kowace larura.

Maƙwabta sun ce asram ne, a kai shi wurin mai magani.

Maƙwabtanmu Asante na sa cututtukan jarirai da yawa a ƙarƙashin wannan suna, har da ramewa da girman kai, mu ma a Zango mun ara. Addu'a ku yi ta, ku yi sadaka. Amma kada a liƙa komai a maɗiga, kada a gasa kai da ruwan zafi don "ya haɗe", kada a ɗura masa jiƙo ko rubutu, kada a tsaga. Maɗigar da aka lafta wa magani ba ma iya ganin kumburinta, fatar bakwaini kuma na ƙonewa da ruwan da hannun babba ke ji ɗumi ne kawai.

Zai yi tafiya? Zai yi karatu?

Yawancin masu mataki na ɗaya da na biyu na tashi su yi gudu su shiga makaranta, ko da yake wasu kan buƙaci ƙarin taimako a karatu. A na uku da na huɗu, haɗarin taurin gaɓoɓi, farfaɗiya, da matsalar ji ko gani ko koyo ya fi yawa, musamman in ruwa ya taru. Duk da haka hoto ba ya faɗar komai. Na ga yaran da suka ba mu mamaki. A fara gashin gaɓoɓi da wuri in an tura ku, a gwada ji, a duba ido. Kuma ki riƙa cire makonnin da ya rage wajen lissafin girmansa har ya kai shekara biyu: wanda ya zo da saura wata biyu, in ya cika wata shida, a ɗauke shi ɗan wata huɗu. Rigakafi kuwa da ranar haihuwarsa ta gaskiya ake lissafa shi.

Inshora na biya?

Tun 2008 inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa, jariri kuma na ƙarƙashin katin uwarsa a wata uku na farko. Bakwaini kan cinye rabin wannan lokaci a asibiti, don haka uba ya yi masa nasa katin kafin wa'adin ya cika. In an rubuta abin da sai kun biya ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin.

An sallame mu. Yaya za mu yi da suna, kuma me zai sa mu dawo da gudu?

Malam ya raɗa suna ranar bakwai, a yanka rago, ko da jariri na kwalba. Aski da kaciya da taro su jira izinin likita. In kun koma gida, a rage masu ɗauka, mai mura ya tsaya a ƙofa.

Duk zuwa awo ki ce a auna kai da tef a rubuta a littafi, ba nauyi kaɗai ba. Ku dawo a ranar, ko da tsakar dare ne, in maɗiga ta kumbura yana kwance shiru, in idanunsa na kallon ƙasa farin ido ya bayyana a sama, in yana amai a kai a kai, in ya ƙi nono ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko kin ga jijjiga. Wanda aka sa wa roba, a ƙara da ja ko kumburi a kan hanyar robar. Ki riƙe takardar sallama da sakamakon sikanin na ƙarshe a jaka ɗaya da littafin awo, domin likitan da za ki tarar da dare zai so ya kwatanta girman ramukan na yau da na wancan hoton.